Filin Gyara: In ganga ta fashe

A wannan wata zancenmu kan gyaran ganga ne.

Cikin ɗalibaina na yaƙi da jahilci a nan Yamai akwai wani makaɗi, mutumin ƙasar Dogon Dutsi, da ya zo cin rani. Shi ke kiɗan gayya a garinsu. Wata rana ya shigo aji ransa a ɓace. Ya ajiye gangarsa a ƙasa, bayan ɗaki, wata 3. Ɓera ya ci tsarkiya, fata ta saki. Ya kai ta bakin wuta don ta ɗame, sai ta tsage. Ga damana ta kusa, ga mutane na jiransa. Kowa ya san noman gayya ba kiɗa, hannu bai sauri. Ya ce zai sai da akuya ya sayi sabuwa. Na ce masa ya dakata.

In icen ganga bai tsage ba, ganga ba ta mutu ba. Fata da tsarkiya ne kawai za a sake.

A sami fatar akuya marar rami, wadda wuƙa ba ta yanka ba wajen fiɗa. A cire gashin. A jiƙa ta cikin ruwa har ta yi laushi. Tana da danshi za a ɗora ta a bakin icen, a ɗinke ta da zoben. Sa'an nan a ja tsarkiya. A nan ne mutane ke kuskure. Kar a ja gefe guda har ƙarshe. A ja nan kaɗan, a koma gefen da ke kallonsa a ja kaɗan, a yi ta zagayawa. In an ja gefe guda, fata za ta karkace, muryar ganga ta lalace. Bayan haka a bar ta cikin inuwa ta bushe da kanta. Kar a buga ta ranar nan, ko da hannu na ƙaiƙayi.

Wuta fa? Ɗumi kaɗan daga nesa ba laifi, in damana ta sa fata ta saki. Amma da hunturu fata ta riga ta bushe, ba ta son wuta ko kaɗan. Lokacin nan sassauta tsarkiya ake yi.

Samarin unguwarmu ma suna da gangunan zamani na ƙarfe, waɗanda ake ce wa batri. Nasu ciwon tsatsa ne. Kusoshin ɗame fata sukan cije. Ba a murɗa su da ƙarfin tsiya, karyewa za su yi. A ɗiga musu kananzir, su kwana, da safe a murɗa sannu, a shafa baƙin mai. Ɗame fatar kuwa daidai da ta gangarmu ne, kusa guda nan, guda can. Da ƙafar ƙarfen ta karye, kasuwar Katako muka kai ta, mai walda ya haɗa ta. Ba a aika ko'ina neman sabuwa ba.

Wanda ya zo Yamai, ya leƙa cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. An tara kayan kiɗan ƙasarmu iri-iri a can.

Ɗalibin nawa ya sami fata wurin wani mahauci. Kwana 4 muka yi, ganga ta yi magana. Akuyarsa na nan, har ta haihu. Yanzu a sama yake rataye gangar, cikin buhu, nesa da gara da ɓera.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba gyaran ƙotar hauya.