Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Kebbi Kan Halin da Mazauna Bakin Gulbi Ke Ciki

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Kwamared Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Na rubuto ne a kan mutanen da ke zaune a cunkusassun unguwannin da suka gangara zuwa fadama da bakin gulbi a Argungu da Birnin Kebbi. Na kawo maganar bainar jama'a ne domin ta shafi dubban gidaje, kuma ina so masu gidajen su ji abin da aka faɗa a madadinsu.

Ranka ya daɗe, mun saba da yadda shekara ke tafiya. Kafin damina hukumar NiMet ta fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA ta lissafa jihohin da ambaliya ke iya shafa, kuma da wuya a rasa sunan Kebbi a ciki. Sai a shiga rediyo a ce mazauna bakin gulbi su tashi su koma tudu. Idan Agusta da Satumba suka zo ruwa ya ci gidaje, manyan jami'ai su zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi da bandir na kwano. Daga nan sai a yi shiru har wata damina. Ba na raina gargaɗi, ba na kuma raina agaji, duka biyun suna ceton rai. Abin da nake kuka a kai shi ne aikin da ya kamata a yi tsakanin gargaɗi da agaji, wato gyara wurin zaman kansa. Wannan aikin ne aka daɗe ana tsallakewa.

Wanda bai san yankin ba yakan ce taurin kai ne ke zaunar da mutane a bakin ruwa. Amma Kabawa tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16, da gulbi da fadama suke rayuwa. Masunci yana so ya kwana kusa da kwale-kwalensa da komarsa. Matarsa tana bandar kifi a tsakar gida. Mai fito, da mai ɗiban yashi, da mai wanki, da matan da ke turara shinkafa su shanya, kowa abincinsa a nan yake. Gwamnati ma ta ƙara jawo jama'a zuwa fadama da hannunta: a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Noman rani ya bunƙasa, 'yan ƙwadago suka zo, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Talaka idan ya shigo gari, inda haya ke da sauƙi yake nufa, kuma hayar gangare ta fi ta tudu araha saboda kowa ya san abin da ke biyo baya.

Haka gidajen suka cika. Gida ɗaya na kaka an raba shi gado, kowane magaji ya tsaga nasa ɗaki, ɗan filin da ake shanya a da an yi masa gini an zuba 'yan haya. Lungu ya matse har Keke Napep ba ya iya shiga. Mace idan naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, sai an tallabo ta har bakin titi kafin a sami abin hawa. Idan gobara ta tashi a wurin banda, ga jarkokin man injin ban ruwa a ɗaki, motar kashe wuta daga nesa za ta tsaya.

Zan so ka san yadda ruwa ke shiga irin wannan gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa ba ya zuwa da ƙara. Gulbi ne ke cika a hankali har ya fi bakin kwata tsawo, sai kwatar da ke fitar da ƙazantar unguwa ta juyo da ita baya. Cikin dare uwar gida za ta sauko da ƙafa daga gado ta ji ta cikin ruwa. A tashi yara, a ɗora buhun shinkafa kan turmi, a ɗaure awaki a kan tudun zaure. Kafin gari ya waye masai ya cika ya tumbatsa, rijiyar da ba ta fi taku goma daga gare shi ba ta haɗe da shi. Bangon ƙasa kuwa ba ranar yake faɗuwa ba. Zai yi ta shan ruwa daga tushe, sai bayan kwanaki, an koma ɗaki ana ganin an tsira, ya zube a kan masu barci. Bayan ruwa ya janye, laima ta zauna a ɗakuna, kududdufai su zauna a lunguna, sauro ya samu gida har sanyi ya shigo.

Sakamakon yana rubuce a alƙaluman gwamnati. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da cutar, adadin da ya fi na kowace jiha, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disamban 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara zaɓa. Mun gode da allurar, muna kuma kira ga iyaye su kai 'ya'yansu. Amma yaron da aka yi wa allura da safe, kan wannan kududdufin zai koma ya kwana. A 2021 ɗin dai amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma cuta ce da ke bin duk inda bayan gida ya haɗu da ruwan sha. Ga tsargiya, wadda yaran bakin gulbi suka saba da ita har wasu iyaye ba sa ɗaukar fitsarin jini a matsayin ciwo.

Ruwan da ke cin mu ba na samanmu kaɗai ba ne. Gulbin Rima yana kwaso ruwa tun daga Katsina da Zamfara da ƙasar Maraɗi, ya taru a madatsar Goronyo mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Gulbin Sakkwato ya biyo ta madatsar Bakolori, su haɗu kusa da birnin Sakkwato, su gangaro mana. Kwarinmu shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ba ya saurin wucewa, kuma yashi yana ta cike cikin gulbi shekara bayan shekara. Mun ga abin da ya faru a Satumban 2010 lokacin da ruwan Goronyo ya mamaye garuruwa a Sakkwato da Kebbi. Mun ga ambaliyar 2012. A 2020 ƙungiyar manoman shinkafa ta ce kusan hekta 450,000 ruwa ya shanye a jihar nan. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa. Maiduguri ta kwana cikin ruwan madatsar Alau a Satumban 2024, Mokwa ta binne fiye da mutum 150 a watan Mayun 2025. Babu wanda zai ce ba a ja mana kunne ba.

Ina roƙon ka kada wani ya ba ka shawarar katafila. Legas ta bi wannan hanya: ta rushe wani sashe na Makoko a 2012, ta kori dubban masunta daga Otodo Gbame a 2016 da 2017, har babbar kotun jihar ta yanke hukunci a 2017 cewa korar mutane ba tare da tanadar masu matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Waɗanda aka kora ba su ɓace ba, wani bakin ruwan suka koma, cikin talaucin da ya fi na da. Yamai kuma ta koya mana wani darasin a Satumban 2020, lokacin da jingar da ke kare unguwar Lamorde ta ɓalle. Jinga tana tsare gari, amma sai in ana duba ta ana gyara ta kowace shekara.

Ga abin da nake nema, ranka ya daɗe.

A fara da sanin wurin. A sa masana daga jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero su zauna da masu unguwanni da Sarkin Ruwa da dattawan masunta, waɗanda suka san iyakar da ruwa ya kai a kowace babbar ambaliya, a fitar da taswira gida-gida. Za a ga cewa mafi yawan unguwannin ana iya kare su a inda suke, kaɗan ne ke zaune a kan hanyar ruwa sosai.

Inda ake iya karewa, a gina manyan magudanai da za su kai ruwa har gulbi, a sa masu ƙofa a baki don kada ruwa ya dawo ta cikinsu, a ɗaga jinga, a yashe inda yashi ya toshe. A yi wannan da rani, kada a bari sai hadari ya haɗu. Hukumar raya birane ta jiha ta ɗauki waɗannan lunguna a matsayin gari, kamar yadda take ɗaukar unguwannin ma'aikata.

A gina ban ɗakuna masu tudu waɗanda ruwa ba ya shiga raminsu, na mata daban, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a kan dandamali mai tsawo. Jigawa ma jihar fadama ce mai fama da ambaliya, amma a 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Abin da ta iya, Kebbi za ta iya.

A ƙulla yarjejeniya a rubuce da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta yadda duk ranar da za a saki ruwa a Goronyo ko Bakolori, labari zai iso Argungu da Augie da Birnin Kebbi tun ruwan yana hanya. A faɗe shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a rediyo da masallatai da bakin masu unguwanni, a ce ga ranar da ake sa ran isowarsa, ga inda kowace unguwa za ta nufa. Kai malami ne, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ka fi kowa sanin asarar da yara ke yi idan aka mayar da azuzuwansu sansanin 'yan gudun ruwa a farkon zangon karatu. A tanadi matsuguni na musamman a kan tudu, a bar makarantu ga ɗalibai.

Waɗanda dole ne su tashi, a ba su fili a tudu mafi kusa da gulbi, da takardar mallaka a hannu, da ruwa da hanya kafin a ce su kwashe kaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka ikon yana wurinka. A bar masu mashigarsu da wurin ɗaure kwale-kwale. Kada kuma a manta da 'yan haya da zawarawa, domin su ne sunansu ke fara ɓacewa idan ana rubuta masu gida.

Kuɗin yana da hanyoyi. Akwai kason jiha na asusun kula da muhalli, akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Kebbi tana cikin jihohin HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki. A bayyana wa jama'a abin da ya shigo da inda aka kashe shi, unguwa-unguwa.

Mu ma mazauna akwai namu. Leda da shara da ake turawa cikin kwata hannunmu ne ke zuba su, kuma filin da ke kan hanyar ruwa ɗan gari ne ke sayar da shi, ɗan gari ke saye. Wannan gyara sai da sarakuna. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya daɗe yana jagorantar sarakunan Arewa a harkar lafiya a matakin farko, kuma jama'a suna jin maganarsa. Idan gwamnati ta kawo aiki, masarautun Argungu da Gwandu suka tsaya a kai, za a kiyaye shi.

Tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin kamun kifi ke ɗaga sunan Argungu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon duniya a 2016. Mutanen da baƙi ke zuwa kallo suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, idan taro ya watse, da yawansu waɗannan gidaje masu laima suke komawa. Sun ba jihar nan suna, sun ba ta kifi da shinkafa. Haƙƙinsu ne su kwana ba tare da fargabar bango ba.

Roƙona na ƙarshe guda biyu ne. Ka sa aikin unguwannin bakin gulbi a kasafin kuɗi mai zuwa da sunansa da adadinsa. Sannan ka zo da kanka a tsakiyar damina, ka bar mota a bakin titi, ka shiga lungu da ƙafa, ka saurari matan gidajen. Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kiyaye jihar Kebbi da mutanenta.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan Kabi, mazaunin Argungu.