Tsofaffin fina-finan Indiya: Kwafin da ya fi sheƙi ba lallai shi ne ya fi inganci ba

Duk wanda ya nemi fim ɗin Sholay a wayarsa yau, ko ya je wurin 'yan downloading a tura masa, zai ci karo da kwafi iri-iri masu suna ɗaya. Wani hotonsa ya cika allo, wani yana da baƙin layi sama da ƙasa. A wani kwafin 'yan sanda ne ke kama Gabbar Singh a ƙarshe, a wani kuma Thakur ne ke kashe shi. Kusan kowanne an liƙa masa HD a jikin sunansa. Mai kallo kan ɗauki wanda ya fi haske ko wanda ya fi sauƙin data ya wuce, kuma a nan ne ake yawan yin asara, domin tsofaffin fina-finan waƙa ba su jure kowace irin hidima.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun zamanin da ake cika silimun Kano irin su Plaza da Orion da El Dorado, fim ɗin Indiya ya zama ɗan gida a ƙasar Hausa, har Dharmendra ya samu laƙabin Sarkin Ƙarfi. Daga silima aka koma kaset, daga kaset zuwa faifan sidi, sai DVD, yanzu kuma memori da YouTube. A kowane mataki akwai abin da fim ya samu, akwai abin da ya rasa. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi bayani a littafinsa Signal and Noise na 2008 kan yadda kwafar kaset daga kaset ta sa dishi-dishin hoto da ƙarar sauti suka zama abin da masu kallo suka saba da shi, har ba a ɗaukarsa aibi.

Lissafin hoton mai sauƙi ne. Faifan sidi na bidiyo yana ɗauke da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. DVD yana da 720 da 576, wato kusan ninki huɗu. Blu-ray kuma 1920 da 1080, ninki biyar na DVD. Sai dai waɗannan alƙaluma girman kwano kawai suke nunawa, ba su faɗin abin da aka zuba a ciki. Idan aka ɗauko fim daga tsohon kaset aka hura shi ya kai 1080, abin da za a samu shi ne dishi-dishi mai girma. Da yawa daga kwafin da ke yawo da sunan HD haka aka yi su. Wasu ma an ƙara musu da manhajar goge hoto, wadda ke share ƙwayoyin da ke jikin zaren fim na asali har fuskar jarumi ta koma sumul kamar 'yartsana, gashin gira da zaren tufafi su narke.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fasalin allo. Mughal-e-Azam, fim ɗin K. Asif na 1960 da Dilip Kumar da Madhubala da Prithviraj Kapoor suka fito a ciki, an ɗauke shi ne a fasalin da ya yi kusa da na tsohuwar talabijin, huɗu a kwance uku a tsaye. Allon waya da talabijin na yanzu 16 ne da 9 ko fiye. Don haka duk kwafin wannan fim da ya cika allon waya, ɗaya cikin biyu ne ya faru: ko an ja hoton gefe da gefe mutane sun yi ƙiba, ko an yanke kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa. A fim ɗin magana zalla ana iya haƙuri da wannan. A fim ɗin rawa kuwa, abin da ake yankewa shi ne ƙafafun mai rawa da rufin ɗakin, kuma rawar Kathak rabin maganarta a ƙafa take. Baƙin layin nan da wasu ke ganin ya ɓata musu allo, shi ne shaidar cewa ba a taɓa hoton ba.

Amma dokar ba ɗaya ba ce ga kowane fim, kuma Sholay shi ne misali. Ramesh Sippy ya ɗauke shi da zare mai faɗin milimita 35, aka faɗaɗa shi zuwa 70 domin manyan silimu lokacin da ya fito a watan Agustan 1975, da sautin sitiriyo. Faffaɗan hoton shi ne abin da aka shirya wa silima. Kamfanin Eros ya fitar da shi iri biyu a DVD: faffaɗa mai minti 198 da ƙarshen da hukumar tace fina-finan Indiya ta tilasta, da kuma mai cikakken hoto, minti 204, da ƙarshen da daraktan ya so tun farko. Wanda ya zaɓi na biyu ya samu cikakken labari amma ya rasa tsarin hoton silima. Wanda ya zaɓi na farko kuma akasin haka. Shekaru da yawa masoya fim ɗin suka yi ba su da kwafi ɗaya da ya haɗa biyun.

Sauti ne mutane suka fi sakaci da shi, alhali a fim ɗin waƙa shi ne jari. Akwai wata matsala da ta daɗe tana bin kaset da faifai ba tare da an lura ba. Fim na gudu ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL kuma, wanda Najeriya da Indiya suka yi amfani da shi, 25 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wa fim ɗin sauri da kashi huɗu cikin ɗari. Fim mai minti 198 sai ya ƙare a kusan 190, kuma idan ba a gyara ba, kowace murya tana ƙara siranta kaɗan. Ga muryar Lata Mangeshkar, wadda dama a sama take, wannan ɗan ƙarin kan mayar da zaƙi ya koma tsini. Mutum na iya shekara talatin yana rera waƙa a kan saurin da mawaƙinta bai taɓa yi ba.

Sai kuma matsi. Domin fim mai awa uku ya shiga cikin megabait ɗari biyu ko uku, sauti ne ke fara shan wahala: tabla ta rasa nauyinta, goge da sarewa su riƙa wani irin kuka kamar ana busa su cikin gwangwani. A lasifikar waya ba za a ji bambancin sosai ba, amma a sa iyafis a saurari wurin da kiɗa ya yi ƙasa mawaƙiya ta ja numfashi. Idan numfashin ya ɓace, ko ana jin sautin na rawa kamar a ƙarƙashin ruwa, an matse kwafin fiye da kima ko an wanke shi da manhajar cire ƙara. Ɗan shuu ɗin da ke bayan tsohuwar waƙa ba cuta ba ne. Sau da yawa cire shi na tafiya da wani abu na muryar.

Muhawara mafi zafi ita ce ta Mughal-e-Azam mai launi, wanda aka fitar a watan Nuwamban 2004. Asalin fim ɗin baƙi da fari ne, in ban da wasu sassa kaɗan, ciki har da shahararriyar waƙar ɗakin madubai, da aka ɗauka da launi. Masu goyon bayan sabon kwafin suna da hujja mai ƙarfi: K. Asif da kansa ya so ya sake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya da launi, masu rarrabawa suka ƙi jira. Kuma Naushad, wanda ya tsara kiɗan na asali, yana raye ya sa hannu a aikin, tare da Uttam Singh. Aka bar muryoyin mawaƙa yadda suke, aka sake buga kiɗan da sababbin makaɗa domin ya fita ta lasifikoki da yawa. Aiki ne na gaske, ba irin na hura kaset ba, kuma ya jawo matasan da ba za su zauna wa baƙi da fari ba.

Duk da haka, wani fim ne daban. An rage tsawonsa da kusan minti 20, daga 197 zuwa 177. Mai ɗaukar hoto R.D. Mathur ya tsara haskensa da inuwarsa ne don baƙi da fari, launi kuma yakan lafar da wannan bambanci. Abin da ya fi muhimmanci, a kwafin asali mai kallo na shafe dogon lokaci cikin baƙi da fari kafin ɗakin madubai ya buɗe da launi kwatsam, kuma wannan mamakin wani ɓangare ne na fim ɗin. Idan komai na da launi tun daga farko, mamakin ya tafi. A kalli mai launin, babu laifi. Laifin shi ne ya zama shi kaɗai ake samu, har yaro ya tashi bai san akwai wani ba.

Saboda haka abin da ya kamata masu tashoshin YouTube da masu tura fina-finai su yi bai da tsada: su rubuta daga ina kwafin ya fito, minti nawa ne, sautin asali ne ko sabo. Masu fassarar Indiya-Hausa kuma su bar waƙoƙi su kai ƙarshe da muryarsu, su rage girman tambarin da ke cinye kusurwar allo. Shi ma mai saye ya tambayi tsawon fim ɗin kafin a tura masa. Minti 150 na Sholay na nufin an zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma waƙoƙi ne almakashi ke fara ci.

Kwafi mai kyau ba ya samuwa sai asalin zaren ya tsira. Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana da waƙa, babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a yau. Sholay ya yi sa'a: gidauniyar Film Heritage Foundation ta Shivendra Singh Dungarpur ta tattaro abin da ya rage a Mumbai da Landan, aka gyara shi a Bologna ta ƙasar Italiya, aka nuna shi a can a watan Yunin 2025 da faffaɗan hoto da ƙarshensa na asali. Ko a nan ma, asalin zaren kyamara ya lalace har ba a iya dogara da shi ba, sai da aka koma ga kwafin da aka ciro daga gare shi.

Fina-finan bidiyo na Hausa na farko, daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin Sangaya da Wasila, ba su da zare ko kaɗan. A kan kaset aka ɗauke su, kuma kaset na farko da aka tace fim a kansa shi ne mafi ingancin abin da za a taɓa samu. Kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura da danshi, na'urorin kunna shi kuma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina.