Ba Kowane Shugaba Ne Ke Riƙe da Akala Ba

Kalmar "shugaba" ta zama jakar magori a hannun masu fassara mana labarai. *President* shugaba, *Chairman* shugaba, *Head of State* shugaba, *Chief Executive* ma shugaba. Wannan ganda ce, kuma mai sauraro ne ke kwana ciki, domin Turanci ya bambanta waɗannan muƙamai ne don a san wa ke zartar da hukunci, wa kuma aka ajiye don girmamawa.

Daga 1963 zuwa 1966 Nnamdi Azikiwe ne *President* na Nijeriya, amma ragamar gwamnati tana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda aka koya masa cewa Azikiwe ne "shugaban ƙasa", aka tsaya nan, zai ɗora masa alhakin abin da ba shi ya zartar ba. Sojojin da suka biyo baya, irin su Gowon da Murtala, *Head of State* aka kira su, laƙabin da ba ya da'awar zaɓe. A 1985 Babangida ya kira kansa *President*, ya ari rigar farar hula ya yafa a kan kaki. Fassarar da ta kira su duka "shugaban ƙasa" ta shafe wannan dabara gaba ɗaya.

Haka abin yake a jami'o'inmu. *Chancellor* galibi basarake ne da ake gani ranar bikin yaye ɗalibai. *Vice-Chancellor* shi ke gudanar da jami'a, saboda haka mai fassara shi da "mataimaki" ya sauke mai gida daga kujerarsa. A kamfani kuwa, *Chairman* yana jagorantar hukumar daraktoci, *Chief Executive* yana tafiyar da harkokin yau da kullum. Idan albashi ya maƙale, ƙofar na biyun ake fara ƙwanƙwasawa.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin ba su duba da kyau ba. Harshen da ya raba sarki da waziri, ya raba hakimi da dagaci, ba zai gaza a nan ba. Shekara 16 gidajen rediyo suna kiran Angela Merkel "shugabar gwamnatin Jamus", kowa kuma ya gane cewa akwai shugaban ƙasa daban. "Uban jami'a" ma ya zauna daram.

Edita ya tambayi mai fassara kafin labari ya fita: wannan shugaban, me yake da ikon sa wa hannu? Jama'ar da ba ta san mai akala ba, ba ta san wanda za ta tuhuma ba.