KADA A ƊORA WA TUWO LAIFIN DA BA NASA BA



Aikina fassara ne. Takardu sukan zo mini da Faransanci, ni kuwa in juya su cikin Hausa. A cikin wannan aiki akwai wata kalma da takan ba ni wahala, wadda ma'aikata suke cewa "rejim". Nufinta shi ne mutum ya tsara wa kansa abin da zai ci da abin da zai bari, galibi don ya rage ƙiba. Na nemi kalma ɗaya ta Hausa wadda za ta ɗauke ta, ban samu ba. Kakanninmu sun san azumi, sun san horon da mai magani kan yi wa majinyaci, sun kuma san yunwa sani na haƙiƙa. Amma mutum ya zauna gaban akushi da lafiyarsa ya ce ba ya ci don tsoron ƙiba, wannan baƙon abu ne gare su.

A yau kuwa ya zama ɗan gari. A Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa, ciwon sukari da hawan jini sun shiga gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, kuma yawan ƙiba yana cikin abubuwan da ke buɗe musu ƙofa. Saboda haka wanda ya tashi rage teɓa ya yi tunani mai kyau. Abin da ya dame ni shi ne wata shawara da ke yawo cikin salula, mai cewa a bar tuwo da fura da shinkafa da burodi gaba ɗaya, a koma ga nama da ƙwai da mai.

Wani abokin aikina ya bi wannan shawara. Cikin mako biyu sikeli ya nuna masa ya rage kusan kilo uku, ya shigo buro yana murna, yana ce mini: "Malam, ashe tuwo ne ke kashe mu!" Balangu da rana, ƙwai da kilishi da dare. Kafin wata uku albashi ya kasa, uwargida ta fara rage kuɗin cefane don a sayi naman maigida. Ran nan aka yi suna a unguwarsu, ya zauna gaban tuwo, bai tashi ba sai da ya ga ƙasan kwano. Bayan shekara guda jikinsa ya koma yadda yake, har da ƙari.

INDA MAGANAR TA SAMO ASALI

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya rage fiye da kilo 20 cikin shekara guda, bayan likitansa ya hana shi burodi da sukari da dankali da giya. A 1921 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka fara amfani da abinci mai yawan mai, maras sitaci, don sauƙaƙa farfaɗiya ga yara. A 1972 kuma wani likitan zuciya na birnin New York, Robert Atkins, ya fitar da littafin da ya baza wannan tsari cikin duniya.

Ga hujjarsu. Hatsi da shinkafa da rogo da alkama duk suna ɗauke da sitaci, wato irin gasarar da mata ke tacewa don koko. In sitaci ya shiga ciki sai ya narke ya zama sukari cikin jini. Daga nan jiki ya saki wani sinadari mai suna insulin, wanda ke tura sukarin cikin tsoka da hanta, yana kuma hana jiki taɓa kitsen da ya ajiye. Suka ce ke nan in an bar sitaci, insulin zai ragu, kitse ya narke ko da mutum ya ci mai yadda yake so.

Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai saurin raguwar da akan gani a makon farko yana da wani dalili dabam. Jiki yana ajiye sukari kimanin rabin kilo a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. In an bar sitaci, wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwanta ya fita da fitsari. Mafi yawan abin da abokina ya gani a sikeli ruwa ne. Ranar da ya koma ga tuwo, ruwan ya dawo.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

A 2018 masana na jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 609 masu ƙiba. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya suka rage sitaci, ɗaya kashin suka rage mai. Bayan wata 12, masu rage sitaci sun rage kimanin kilo 6, masu rage mai kuwa kilo 5 da ɗan ɗoriya. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A cikin kowane kashi an sami waɗanda suka rage da yawa, an kuma sami waɗanda suka ƙara nauyi.

Abin lura a nan shi ne, duka kashin biyu an ba su umarni iri ɗaya a kan abu uku: su rage sukari, su rage farin gari na inji, su yawaita ganye da abincin da aka dafa a gida. A ganina a nan amfanin yake. Wanda ya ce ya bar sitaci, ai ya bar lemon kwalba da biskit da fanke da shayi mai zaƙi. In ya rame sai ya ce barin tuwo ne ya yi masa magani.

YUNWA CE MAI HUKUNCI

Me ya sa rage ƙiba yake da sauƙin farawa amma da wuyar riƙewa? Amsar ita ce yunwa. A 1944 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a jami'ar Minnesota da samari 36 da suka ba da kansu. Wata 6 ana ba su kusan rabin abincin da suka saba. Suka rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sanyi ya riƙa damunsu, ƙarfi ya tafi, fushi ya yawaita, ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi. Jikinsu ya rage ƙona abinci ƙwarai don ya tsimi abin da ya saura. Da aka sake su suka ci yadda suke so, sai suka yi ta ci ba ƙoshi, har kitsensu ya wuce na da.

Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar a fassara musu wannan. Yunwar wanda ya rasa da ta wanda ya bari da gangan ba ɗaya suke ba wajen ɗaci, amma jiki bai san bambancinsu ba. In abinci ya ragu, abin da ya sani kawai shi ne fari ya zo.

Daga baya masana suka gano manzannin da ke kai wannan labari ga ƙwaƙwalwa. A 1994 aka gano leftin, wanda kitse ke saki don ya sanar cewa akwai ajiya. A 1999 aka gano girelin a Japan, wanda tumbi ke saki don ya ce a kawo abinci. A 2011 wasu likitoci na birnin Melbon a Ostareliya suka ba da labarin mutum 50 da aka sa wa tsarin rage ci na mako 10. Sun rage kimanin kilo 13. Bayan shekara guda aka sake auna su, aka tarar girelin yana sama, leftin yana ƙasa, yunwa kuma ta fi ta kafin su fara. Ashe wanda ƙiba ta dawo masa ba lalle rago ba ne. Da jikinsa yake kokawa, dare da rana.

Har sababbin alluran rage ƙiba sun tabbatar da haka. Maganin da ake kira semaglutid, wanda gwajin 2021 ya nuna yana rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyin mutum, aikinsa shi ne kwantar da sha'awar ci. Waɗanda suka daina shi, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Gaskiyar masu iya magana: yunwa, a ba ki a huta.

Ke nan tambayar da ta kamata mai son rage ƙiba ya yi ita ce: wane abinci ne zai riƙe ni da daɗewa, wanda kuma zan iya ci shekara da shekaru ba tare da na talauta gidana ba? Nama da ƙwai suna riƙe ciki, wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban sirrin tsarin Atkins. Amma wake ma yana riƙewa, haka gujiya da nono da zogale. Kuɗin naman da mutum ɗaya zai ci ya ƙoshi a yini, in an sayi hatsi da wake da shi, sai gida duka ya ci.

HATSINMU DA ABINCIN BIRNI

Tuwon hatsi kansa yana da wannan hali. A 2018 aka buga wani ɗan ƙaramin bincike da aka yi a Bamako, wanda ya nuna tuwon gero da na dawa sun fi shinkafa da dankalin turawa da makaroni daɗewa a tumbi, kusan ninki biyu. Manomi ya riga ya san haka. Shi ya sa ba ya tafiya gona da cikin shinkafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, saboda amfaninsu ga jiki da jurewarsu ga fari.

In tuwo ne ke kawo ƙiba, da a ƙauye za a fi ganinta, inda ake cinsa dare da safe. Amma a birni ta fi yawa. Me ya sake a birni? Burodi da safe, farar shinkafa tana iyo cikin mai da rana, soye-soye da marece, shayi zagaye uku kowanne da sukarinsa, sannan zama kan kujera daga safe har la'asar, a hau babur ko mota a koma gida. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Gwangwani ɗaya na lemo mai santilita 33 yakan ɗauki sukari kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi.

A 2019 wani masani a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu abincin da ba a sarrafa ba, kowa ya ci yadda yake so. A kan abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kowace rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A kan ɗayan kuwa suka rage kusan kilo ɗaya. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Fadawan da suka kewaye tuwo a birni su ne abin tuhuma.

GARGAƊI DA SHAWARA

Ban ce rage sitaci ba shi da wurinsa ba. Ga masu ciwon sukari da yawa yana taimakawa wajen saukar da sukarin jini. Amma mai shan ƙwayoyi ko mai yin allurar insulin, in ya bar sitaci da kansa ba da sanin likita ba, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma. Mai ciwon ƙoda kuma yawan nama yana iya ƙara masa wahala. Mace mai ciki da mai shayarwa da yara, ba a yi musu wannan tsari a gida. A ƙasar da fiye da yara 4 cikin 10 ba su kai girman da ya dace da shekarunsu ba, bai kyautu ƙwai da naman gida su ƙare a kwanon maigida don yana rejim.

Ga abin da nake gani ya fi dacewa da mu. Na farko, a fara da abin sha: a rage sukarin shayi da na fura, a bar lemon kwalba sai jefi-jefi. Na biyu, a auna mai da cokali, kada a tuttula shi daga kwalba. Na uku, a rage malmalar tuwo kaɗan, a ƙara miyar ganye da wake da kwaɗon zogale, kuma kada a surfe hatsi har ya rasa dusarsa duka. Na huɗu, a yi tafiya da ƙafa ko da minti 30 a yini. Na biyar, a je gidan likita a auna jini da sukari, don waɗannan cututtuka sukan daɗe a jiki ba su nuna alama ba.

Wannan hanya ba ta ba da kilo uku cikin mako biyu. Amma likitoci sun tabbatar cewa mai ƙiba in ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa ya kuma riƙe, jininsa da sukarinsa sukan sami sauƙi. Ga mai kilo 90, wannan kilo 4 da rabi zuwa 9 ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ni dai yanzu in kalmar "rejim" ta zo mini cikin takarda, "daidaita ci" nake rubutawa, don kada mai karatu ya ɗauka an ce ya yi gaba da rumbunsa. Abokina kuwa ya koma cin tuwo tare da iyalinsa, ya rage sukarin shayi, yana zuwa buro da ƙafa. Jikin yana sauka a hankali, kuɗin cefane kuma ya koma yadda yake.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.