Nijar: Tattalin arziki a hannun maƙwabta

Jamhuriyar Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma tsakanin birnin Yamai da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda ƙasar ta saba sauke akasarin kayanta, akwai tazarar kimanin kilomita 1,000. Shi ya sa duk wata taƙaddama da maƙwabta ba ta daɗewa kafin ta isa tukunyar talaka.

An ga haka bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da ke biya wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarta. Farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabi, magunguna kuma suka yi ƙaranci.

A watan Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, to amma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta bar iyakar Benin a rufe, bisa dalilan tsaro. Sai 'yan kasuwa suka koma shigo da kaya daga Lome ta Burkina Faso, hanyar da ta fi tsada, kuma sai da rakiyar sojoji.

Man fetur ma bai raba Nijar da wannan matsala ba. Bututun da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a gaɓar tekun Benin ya ƙare. Saɓanin ƙasashen biyu ya jinkirta lodin farko a watan Mayun 2024.

Babbar kasuwar makiyayi da manomin Nijar dai ita ce Najeriya. Dabbobi da wake kan gangaro ta Ƙonni da Maraɗi, masara da gero kuma su haura arewa. Saboda haka abin da ya taɓa iyakar yakan taɓa fataken Gummi da Anka da Bukkuyum, waɗanda dama hare-haren 'yan bindiga suka rage musu zirga-zirga.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, zai iya haɗa Nijar da tashoshin Legas. Sai dai shi ma amfaninsa ya rataya ne a kan jituwa tsakanin Yamai da Abuja, ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025.