Ɗaki Ma Kayan Kiɗa Ne: Tsokaci Kan Ɗaukar Sautin Jita a Gida

Sau da yawa ɗalibi kan ɗauki jitarsa, ko ya gayyato wani makaɗin molo ko gurmi saboda aikin kundinsa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya kunna na'ura. Idan aka gama aka saurara, sai a ji kiɗan yana fitowa tamkar daga cikin rijiya, amon wannan tsirkiya ya hau kan na waccan. Nan take sai a ɗora wa na'ura laifi, a shiga tanadin kuɗin sayen wata mai tsada. Wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki, domin mai laifin shi ne ɗakin, maganinsa kuwa yana nan shimfiɗe a kan gadon ɗalibin.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a cikin daƙiƙa ɗaya. Watau a ɗaki mai faɗin mita 4, yakan je bango ya dawo fiye da sau 40 kafin daƙiƙar ta cika. Bangon siminti da daɓen tayil da gilashin taga ba sa shanye shi, sai dai su mayar da shi. Saboda haka abin da makirufo ke ji kashi biyu ne: amon jita na ainihi, da kuma amsa-kuwwar ɗaki. Bugu da ƙari, tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, tsawon igiyar sautinta kuwa ya ɗan haura mita 4, daidai da faɗin irin ɗakunan nan. Shi ya sa take ruri a wani gefen ɗakin, a wani gefen kuma ta dusashe.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca wanda ba a fahimtar magana a cikinsa. Sai ya riƙa ɗauko matasan kujeru daga wani zauren cikin dare, yana jera su yana auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu. Ya gano cewa abu biyu ke hukunta shi: girman ɗaki da yawan kaya masu taushi da ke ciki. Ilmin sautin gine-gine na zamani daga kan matasan nan ya faro.

Darasin a fili yake. Da farko a zaɓi ɗakin da ya fi cika da kaya, a shimfiɗa darduma, a saki labule, a jingina katifa a bango bayan makaɗi, a rataya bargo a gefe. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ya yi sirantar da ba zai tare amo mai kauri ba. Na biyu, a matso da makirufo kusa, kamar taƙi ɗaya daga inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, kada a saita shi da ramin tsakiya inda ruri ya fi yawa. Duk lokacin da aka rage nisa da rabi, ƙarfin amon ainihi yakan ninka sau huɗu, alhali na ɗaki yana nan yadda yake. Na uku, a kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru.

Idan ɗaki ya faskara, waje yana nan, inda babu bangon da zai mayar da amo. Faifan farko na Les Filles de Illighadad, wanda ya fito a 2016, a fili aka ɗauke shi a ƙauyensu da ke Jamhuriyar Nijar, kuma jitar Fatou Seidi Ghali ta fita tangaran. Haka nan Bruce Springsteen a ɗakin kwanansa ya ɗauki faifan Nebraska a kan kaset a 1982.

Mai yiwuwa wani ya ce ai yanzu kwamfuta tana iya wanke sauti. Haƙiƙa takan rage, amma amsa-kuwwa daga jikin kiɗan take, wajen cire ta sai an yagi wani abu na kiɗan. Mai nazari kuwa bai kamata ya kafa hujja da amon da na'ura ta sassaƙa ba. Rigakafi ya fi magani.

Al'amarin ya wuce sha'awar mai jita. Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, abin da ya saura na kuntiginsa shi ne abin da aka ɗauka. Tsohon makaɗin da ɗalibi ya zauna da shi yau, mai yiwuwa ba wanda zai sake ajiye na'ura a gabansa. Don haka ya dace malamai su ware ko da lacca ɗaya kan wannan fanni kafin a tura ɗalibai neman bayanai. Shi kuma ɗalibi, kafin ya kunna na'ura, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya tafa hannu sau ɗaya ya saurara. In tafin ya yi jela, to ya fara ɗauko bargo.