Sharhi: Wuƙar lantarki a ɗakin tiyata, ceto ne amma sai da kula

Yau batunmu kan wata na'ura ce da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, alhali an yi wa matanmu da iyayenmu aiki da ita. Likitoci na kiran ta wuƙar lantarki. Tun shekarar 1926 aka soma aiki da ita a birnin Boston na Amurka. Tana yanka, tana kuma ƙona bakin ƙananan jijiyoyi don jini ya tsaya. A ƙasar da samun ledar jini ke da wuya, wannan ba ƙaramin ceto ba ne, balle ga mace da za a ciro wa jariri.

To ina hatsarin yake? Wutar tana shiga jiki ta bakin wuƙar, sai ta fita ta wani faifai da ake mannawa a cinya ko ɗuwawu. In faifan bai manne da kyau ba, ko ya tsufa, ko fata na da mai, sai wutar ta taru a wuri ɗaya. Mutum na cikin barcin allura, ba ya jin komi, sai ya farka da ƙuna nesa da inda aka yanka. Na biyu, bakin wuƙar na fidda tartsatsi. In alkol ɗin da aka goge fata da shi bai bushe ba, ga kuma iskar oksijan kusa, nan take zane ko audugar aiki kan kama da wuta.

Mu marasa lafiya da masu jinya, namu shi ne mu cire zobe, ƴan kunne, warwaro da duk layar da ke da ƙarfe. Kada a shafa man kaɗe ko wani mai ranar aiki. Wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a ƙashi ko na'urar bugun zuciya, ya faɗa tun da wuri. Wanda ya ga ƙuna bayan aiki, ya nuna wa likita, kada ya ɓoye ya ce ai ƙaddara ce.

Ku kuma ƴan uwa da ke tara kuɗi a waje kuna aiko wa asibitin garinku kayan aiki, Allah ya saka da alheri. Amma ku sani, na'urar da aka ƙera don Amurka da wuta mai ƙarfin 120 take aiki, tamu ta Nijar 220 ce. Yawancin faifan nan sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Na'ura in ta zo babu su, babu mai gyara, ranar da suka ƙare sai a koma maimaita tsoho, kuma daga nan ƙuna ke farawa. Kafin ku saya, ku tambayi likitan wurin abin da yake buƙata, ku ware kuɗin faifai da na mai duba wayoyi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.